Shuɗin Zaren Abatcha

Ni dillalin tattasai ne a kasuwar Diffa, sunana Wada, mutumin Damagaram. Shekara talatin da ɗoriya ina cusa hannu cikin buhunan mutane, har hancina ya daina atishawa. A duk shekarun nan buhun mutum ɗaya ne ban taɓa cusa wa hannu ba sai bara, wato na Abatcha, mutumin garin Shetimari. Labarinsa zan ba ku. In kun ji raina yana ɓaci a tsakiya ku yi haƙuri, akwai hannuna a ciki.

Abatcha Babarbare ne dogo, marar yawan magana, mai rowar murmushi. Hausarsa ma a taƙaice yake yin ta, kamar ana cajin sa kuɗin kowace kalma. A bakin kogin Komadugu aka haife shi, a garkar ubansa, wato lambunsa na noman rani, ya tashi, kuma a can ya koyi abin da ya ɗaga shi, ya kuma kayar da shi daga baya.

Kowa a kwarin nan ya san yadda ake tattasai. A dasa, a yi ban ruwa, a tsinke, a shanya bisa rairayi har ya bushe, a danna a buhu, a kawo kasuwa ran Talata. Gidan su Abatcha suna ƙara abu ɗaya. In ya bushe, mata sai su baje tabarmi su zauna tsinta, ɗaya bayan ɗaya. Ja lafiyayye gefe guda. Wanda rana ta ƙona ya yi fari, da wanda tsutsa ta huda, da karyayye, gefe guda, a sayar wa masu dakan yaji da araha. Jan kaɗai ke shiga buhu. Sannan Abatcha ya ɗauki basilla ya ɗinke bakin da zaren auduga da aka rina da baba, shuɗi har yana ɗaukar baƙi, ɗinki bakwai da ƙulli biyu. Da uwarsa ke rina zaren, da ta rasu matarsa Zuhura ta karɓa.

Aikin nan ba kyauta ba ne. Buhu biyar na wani, in aka tsince shi, huɗu yake komawa, ga kuma hakkin matan da suka wuni a sunkuye. Na sha yi masa tsiya. Ina ce masa, "Babarbare, kai tattasai kake sayarwa ko kayan lefe?" Sai ya dube ni ya ce, "Kai dai sayar."

Kuma yana sayuwa, wallahi. A lokacin masu saye sun fi arba'in a kasuwar nan, daga Maiduguri, daga Damaturu, daga Kano, har da na kudu. Kamiyo-kamiyo, manyan motocin kaya, a jere suna jiran lodi. In masu saye suka yi yawa haka, manomi ne sarki, wannan ya taya, wancan ya ƙara. Cikinsu akwai Alhaji Ubaidullahi na Maiduguri, wanda in ya sauko daga mota ko gaisuwa ba ya ƙarasawa sai ya ce, "Wada, ina shuɗi?" Yana biyan ƙarin kashi ɗaya cikin biyu bisa farashin kasuwa, kuma bai taɓa cewa a kwance masa buhu ko ɗaya ba. Ba don kirki yake yi ba. Wunin da wasu ke ɓatawa suna zazzage kaya suna faɗa, shi ya riga ya yi lodi ya kama hanya, kuma mutanensa na kudu sun san zaren, su ma ba sa buɗewa.

Yadda muke yi a nan, mai kaya da mai saye ba sa ciniki baki da baki. Dillali ne a tsakiya. Abatcha yakan zauna can bayan rumfata yana jan carbi, ni in yi ta surutu. Shekara ashirin ana haka, ban jin shi da Alhaji sun haɗa magana goma. Da ƙarin nan na zare Abatcha ya sayi injin ban ruwa, ya rufa ɗakuna biyu da kwano, ya sa ƴaƴansa lakwal, wato makarantar boko.

Sai tashin hankali ya zo. Ba sai na ba ku labarinsa ba, wanda bai gani ba ya ji. Mutanen bakin kogi suka taso suka yi bukkokin zana a gefen kwalta, Abatcha da iyalinsa a ciki. Aka hana hawan moto, wato babur, taki ya yi wuya, esans, man fetur ke nan, sai da takarda. Har cinikin tattasai kansa aka tsayar na wani lokaci. Alhaji Ubaidullahi ya daina zuwa. Wasu suka ce an ƙone masa kamiyo, wasu suka ce ya rasu, wasu suka ce ya koma Kano. Ni kuwa na zauna a rumfa ina korar ƙuda, baki bakwai na jira na a gida.

Da aka buɗe ciniki, kasuwa ta juye. Masu kaya ɗaruruwa, kowa a matse, kowa na son ya sayar yau. Masu saye uku. Su ma ba masu saye ba ne, wakilai ne. Babbansu wani matashi ne mai suna Nasser, mai waya biyu, yana saya wa wani maigida da ba wanda ya taɓa gani. Abin da waya ta faɗa shi ne farashi. In ba ka so, ɗauki kayanka, akwai mutum hamsin a bayanka.

Amma in faɗi gaskiya, da farko Nasser ya biya ƙarin. Maigidansa ya taɓa jin labarin shuɗin zare, ya ce in an samu a ɗora wani abu. Abatcha ya lallaɓa ya koma garkarsa, yana zuwa da safe yana dawowa kafin la'asar, ya kawo buhu talatin, aka biya shi yadda ya saba.

A nan ne na shigo. La'adata bisa farashi take, in kaya ya yi tsada in samu da yawa. Wasu manoma biyu suka zo suna kuka da farashi, sai na ce musu, kamar da wasa, zaren roba shuɗi yana nan a shagon bakin tasha, ba tsada. Abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ba. Kuma na sayar da buhunansu da bakina, na ce na shuɗi ne. Kafin wata ya ƙare rabin kasuwa ta zama shuɗiya. Ja a baki, ja a gindi, tsakiya kuwa fari da kara da abin da ba ya faɗuwa. Ina da uzuri, yara na jin yunwa. Na maimaita wa kaina uzurin nan har ya tsufa, bai taɓa sa na ji daɗi ba.

Kaya ya isa inda za shi, aka zazzage, waya ta yi ƙara. Daga ranar Nasser ya ce farashi ɗaya ne, buhu buhu ne. Na ja shi gefe na ce, "Ɗana, na Abatcha daban ne, zo ka duba da idonka." Ya ce, "Baba Wada, ko na duba, maigida ba ya ganin zare ta waya. Kayan nan sai ya sauya hannu huɗu kafin ya isa, a ƙarshe injin niƙa za a juye shi. Wa zan ce ya biya ni ƙarin?" Na so in zage shi, amma ban samu inda ya yi ƙarya ba.

Ranar Abatcha ya tsaya kan wani buhu da ba nasa ba, ya murza zaren da yatsa biyu, ya ce, "Wannan roba ce, Wada." Ya dube ni ɗan lokaci, ya koma ya zauna. Bai sake tayar da zancen ba har yau, kuma bai sauya dillali ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

To ku duba lissafin da ya rage masa. Maƙwabcinsa ya kwashe daga rairayi ya danna, buhu biyar, kuɗin biyar. Shi ya tsince, buhu huɗu, kuɗin huɗu, ga wahala a sama. Duk mai hankali ya daina tsinta a shekarar. Tattasan Diffa da ake yabo ya koma tarkace, masu saye suka ƙara rage farashi tunda sun san abin da ke ciki, manoma suka ƙara cusa tarkace tunda an rage. Abatcha shi kaɗai ya ci gaba, shekara biyar.

Ya daina iya biyan mata, tsinta ta koma kan Zuhura da ƴaƴanta. Ambaliya ta cinye masa rabin garka. Injin ya lalace, gyara ya gagara, ya koma haya. Wata Talata Zuhura ta zo rumfata da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya daga nesa ta ce, "Malam Wada, ka yi wa abokinka magana. Ni ba aikin nake gudu ba. Amma muna zubar da buhu ɗaya cikin biyar don mutumin da ba mu san ko yana da rai ba." Hannuwanta duk sun yi shuɗi sun tsattsage.

Na yi masa maganar. Na ce, "Abatcha, kasuwa ba ta san ka ba yanzu. Yi yadda kowa ke yi, ka huta." Ya ce, "Alhaji zai dawo." Na ce, "In bai dawo ba fa?" Ya ce, "Wani zai zo mai ido." Raina ya ɓaci na ce masa taurin kai ba ibada ba ne. Ni da na ɓata masa suna, ni ke masa wa'azi.

Bara, farkon kaka, ya sauke buhu goma sha biyu a gabana. Zaren fari ne, irin na kowa. Na dube shi, ya kau da kai. A karo na farko a rayuwata na cusa hannu cikin buhun Abatcha, har gwiwar hannu, na fito da fari da karyayye da kara. Ya ce, "Haka duka na bana yake, tamanin. Sayar." Na sayar wa Nasser, kuma kuɗin da Abatcha ya ɗauka ranar ya fi na kowace Talata cikin shekara biyar.

Talata ta uku bayan wannan, wajen hantsi, na ga wani tsoho da sanda, wani saurayi na riƙe da hannunsa, yana bin layin buhuna yana shafa bakinsu. In ya murza shuɗin zare sai ya shinshina yatsansa ya wuce. Sai da ya iso na gane shi. Alhaji Ubaidullahi ne, ya rame, idanunsa sun yi yana. A Kano yake ashe duk shekarun nan. Muka gaisa, muka yi wa juna jaje. Ya ce ya samu wasu masu son kaya mai kyau, kuma za su biya. Sannan ya ce, "Wada, ina shuɗi? Na gaskiya, mai warin baba."

Abatcha na zaune a bayana, rawani ya rufe masa rabin fuska, gemu ya yi fari fat. Na buɗe baki, sai na ji hannunsa a kafaɗata, ya danna.

Alhaji ya dafa buhun da ke kusa da shi don ya huta, na Abatcha ne. Yatsunsa suka bi ɗinkin. Na ga leɓensa na motsi yana ƙirgawa. Bakwai, da ƙulli biyu. Zaren ya sauya, hannun bai sauya ba.

Ya ce, "Ɗinkin nan na san shi. Na wane ne?"

Abatcha ya ce, "Mai shi ya bar noma, Alhaji. Basillarsa kawai na gada."

Alhaji ya ce, "Allah sarki. Mutumin kirki." Ya sake shafa ɗinkin. "To ai wanda ya gaji basilla ya gaji hali. Nawa ne a nan? Na ɗauka duka, da ƙarin da na saba, ba sai an kwance ba."

Buhu ashirin ne a wurin, ga wasu a gida. Na san abin da ƙarin nan zai yi wa gidan Abatcha, na san zai tayar da injin. Kuma, Allah ya yafe mini, har na fara lissafin la'adata.

Abatcha ya ce, "An sayar."

Alhaji ya ce ba komai, ya yi mana sallama, saurayin ya ja shi suka ci gaba da bin layi. Na juya cikin haushi na ce wa Abatcha, "Kai wane irin mutum ne? Shekara biyar kana jiran sa. Ka ce masa kai ne mana, ka ce ya dawo baɗi ka tsince masa."

Ya ce, "In na ce ni ne, zai tambaye ni me ke cikin wannan. Shekara ashirin bai buɗe buhuna ba, Wada. Yau in ce masa ya buɗe?"

Bayan azahar Nasser ya zo da wayoyinsa, ya ƙirga buhu ashirin, ya biya farashin kowa. Abatcha ya ware la'adata ya miƙo mini, na sa hannu na karɓa.