Bandar da Ƙuda Ba Ya Sauka a Kanta

Mahaifina dillalin shanu ne, kuma mutum ne mai son nama. Tun ina yaro ban taɓa ganin ya dawo daga kara hannu rabbana ba. Ko tsire ne, ko balangu, ko ɗan kilishi a naɗe cikin takarda, sai ya shigo da shi. Saboda haka da tsufa ya zo, hawan jini ya kama shi, likita ya ce ya bar jan nama ya koma kifi, duk gidan mun san an taɓa shi inda yake masa ciwo. Ya yi kwanaki yana fushi da kwano.

Daura ba garin ruwa ba ne. Ɗanyen kifi sai an dace. Na ƙanƙara kuwa Baba ya ce ba zai ci abin da bai san shekarar da ya mutu ba. Abin da ya rage shi ne banda, kifin da aka gasa da hayaƙi ya bushe, kuma a nan ban damu ba, don ina da amini mai sayar da ita a kasuwa.

Unguwarmu ɗaya da shi. Tare muka yi wasan ƙasa, rana ɗaya aka yi mana kaciya, a zaure ɗaya muka yi jinya. Mahaifinsa ya rasu da wuri, don haka a gidanmu ya yi rabin tasowarsa. Da ya tashi aure Baba ne ya je ya karɓa masa. Ni na koyi ɗinki na buɗe shago, shi kuma ya shiga fataucin kifi, yana sarowa daga wajen Haɗeja da Nguru a cikin manyan kwalaye.

Ranar da na gaya masa maganar likita, ya ce in bar masa wannan. Kifin Baba ba ni zan zaɓa ba, shi zai zaɓa da hannunsa. Haka kuwa aka yi. Duk ranar kasuwa zan tarar ya ware tarwaɗa manya, baƙaƙe suna sheƙi, babu ko ɗaya mai huji. Wani lokacin ma ba ya jira in zo. In ya tashi kasuwa sai ya biyo ta gidanmu da ita a bayan babur, ya zauna a zaure su yi hira da Baba har a kira magariba.

Baba ya saba da kifin fiye da yadda muka zata. Matata tana yi masa 'yar tukunyarsa daban, babu gishiri da yawa, miyar kuka ko farfesu. Amma abin da ya fi so shi ne ya ajiye guda a gefen tabarma, ya riƙa ɓantara yana dangwala yaji yana ci haka nan, ba wanki ba dahuwa. Ya ce hakan yana tuna masa kilishi. Aminina ya sha ganinsa yana yi. Har tsokanarsa yake yi, yana cewa Baba ya zama ɗan bakin kogi.

Matata ce ta fara lura. Ta ce in ta zuba wa kifin ruwan zafi, wani wari yana tasowa wanda ba na hayaƙi ba ne, kamar na ɗakin da aka fesa wa maganin sauro. Ta kuma ce ta bar guntu a kan faifai a tsakar gida tun safe, ƙuda yana ta yawo a kan komai amma bai sauka a kansa ba, har kyanwar maƙwabta ta shinshina ta wuce. Maganar ta tsaya mini a rai, don haka washegari na je rumfar aminina na tambaye shi kai tsaye. Na ce ina jin ana cewa wasu masu banda suna yayyafa fiya-fiya, maganin ƙwarin nan, don kada ƙwaro ya cinye musu kaya.

Ya kalle ni kamar na mare shi. Ya ce gaskiya ne akwai masu yi, ya ma nuna mini wata rumfa da haɓa. Amma shi nasa itacen da ake bandar da shi ne mai ƙarfin hayaƙi, shi ya sa ƙuda ba ya kusantarsa.

"Ni zan ba Baba abin da zai cuce shi?" in ji shi. "Haba mutumina. Ko kowa zai yi tunanin haka, ban zaci kai ba."

Kunya ta kama ni. Ni na ba shi haƙuri. Na koma gida na ce wa matata hayaƙi ne, na tambaya an tabbatar mini.

Cikin damina abin ya faru, lokacin da laima take sa banda saurin lalacewa. Aminina ya kawo sabon kifi da hantsi, Baba ya ɗauki guda ya ajiye kusa da shi yadda ya saba. Bayan azahar aka zo shago aka kira ni. Na tarar da Baba kwance a zaure, zufa ta jiƙe masa riga, miyau yana dalala daga bakinsa, ya yi amai a gefen tabarma, yana riƙe da ciki. Hannunsa yana karkarwa. Duk wanda ke wurin ya ce hawan jinin ne ya buge shi. Muka sa shi a motar wani maƙwabci muka yi asibiti.

Likitan da ya duba shi ya buɗe masa ido ya haska, sannan ya tambaye mu ko tsohon yana zuwa gona, ko an yi feshi a ɗakinsa, ko akwai maganin ƙwari inda hannunsa zai kai. Muka ce babu. Ya ce alamun da yake gani sun fi kama da na wanda irin wannan magani ya shiga cikinsa, mu yi tunanin abin da ya ci. Matata tana tsaye a bayana. Ban waiwaya na dube ta ba.

An yi masa allurai, an sa masa ruwa, Allah ya sa da sauran kwana. Aminina ya zo dubiya da lemo da kankana. Ya zauna a bakin gado ya riƙe hannun Baba, yana cewa tsufa ne, sai a hankali. Har a lokacin zuciyata ba ta yarda ba. Ina ta nema masa mafita. Na ce wataƙila tun can inda yake sarowa aka sa, shi bai sani ba.

Bayan an sallamo mu, matar aminina ta yi rashin lafiya kaɗan, matata ta je gaishe ta. Ta tarar da ita ta ji sauƙi, tana zaune a tsakar gida da banda a tire, tana kakkaɓe ƙwari da gari daga ciki tana mita. Matata ta yi mamaki, ta ce ke da mijinki yake da kifi mafi kyau a kasuwa, me ya haɗa ki da mai ƙwari? Ita kuwa ta amsa da zuciya ɗaya, don ba ta san komai ba. Ta ce ai na gida daban yake cire musu tun ranar da kaya suka sauka, kafin a sa magani, kuma ya hana yara taɓa na sito ko da wasa.

Matata ta dawo ba ta ko cire hijabi ba ta same ni a shago. Ta bari wanda nake gwada wa riga ya fita, sannan ta faɗa mini kalma bayan kalma. Na zauna a gaban keken ɗinki na daɗe ban iya taka shi ba. Abin da ya yi ta dawo mini shi ne yadda na ba shi haƙuri a rumfarsa, da yadda ya karɓi haƙurin.

Da la'asar na same shi a sitonsa da ke bayan rumfa. Ban taɓa shiga ciki ba sai ranar. Warin da matata take faɗa shi ya tare ni a bakin ƙofa, ga 'yan kwalaben a jere a kan taga, ga tsintsiyar da ake yayyafawa da ita a cikin wani tsohon bokiti. Da farko ya ce don ɓera da kyankyaso ya ajiye. Na gaya masa abin da matarsa ta ce. Sai ya zauna a kan kwali ya fara bayani. Ya ce duk layin nan babu wanda ba ya yi, har wanda ya fi kowa tsawon carbi. In ba a sa ba, kafin kaya su ƙare ƙwaro ya mai da su gari. Ya ce shi ma iyali ne da shi. Kuma ai kowa ya san ana wanke banda da ruwan zafi kafin a dafa.

Na ce, "Kana zaune a zaurenmu yake ɓantara yana ci a bushe. Kana kallo. Kana dariya."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Na ɗauka ɗan wannan ba zai yi komai ba."

"Me ya sa ba ka cire masa daga na gidanka ba?"

Wannan ce tambayar da bai amsa ba, kuma har yau bai amsa ba. Daga baya na yi ta juya ta ni kaɗai. Iyakar abin da na iya gani shi ne, da ya kawo wa Baba mai huji da ƙwari, da na tambayi dalili, da kuma ya zama dole ya faɗa mini abin da yake sayar wa sauran mutane.

Na so in ɓoye wa Baba, amma ya ga an daina kawo kifi ya tambaya. Da na gaya masa, sai ya ce, "Shi da kansa?" Na ce shi da kansa. Bai zage shi ba, bai yi masa baki ba. Abin da kawai ya ce shi ne in je in gaya wa shugaban masu kifi na kasuwa, ba don shi ba, don akwai masu jego da ƙananan yara da ake dafa wa wannan kifin.

Na je na faɗa. Aka tara su aka yi musu faɗa, duba-gari suka zagaya, aka ƙone wasu kwalaye a bayan kasuwa. Na ji an ce abin ya lafa na ɗan lokaci. Ko an daina ɗin gaba ɗaya, ban sani ba, don ni ba na shiga sitonsu.

Abin da ban shirya masa ba shi ne yadda maganar ta juya. Kafin wata ya zagayo, labarin da ke yawo a unguwa shi ne na tona wa aminina asiri, na nemi in raba shi da abincinsa. Wai shi ne wanda aka cuta. Dattawa biyu suka zo shago don su sasanta mu, suka ce in yi haƙuri, zumuncin shekaru ba a zubar da shi a kan kifi, tunda dai tsohon ya tashi. Na ce musu ni ban hana shi zuwa ba. Ƙofar zaurenmu a buɗe take, ya zo ya dubi idon Baba ya ce ya yi kuskure, shi ke nan magana ta ƙare. Suka ce za su gaya masa. Bai zo ba.

Baba kuwa bai daina tambayarsa ba. In ya ji babur ya tsaya a ƙofar gida da yamma sai ya ɗaga kai. Wani lokaci ya ce, yaron nan yana lafiya kuwa? In ce lafiya lau yake, ina ganinsa a masallaci. Cikin Baba bai koma daidai ba bayan ciwon nan, abinci kaɗan yake ci, ya rame. Ya rasu bayan damina biyu. Ba zan ɗora wa kowa mutuwarsa ba. Shekaru sun ja, ciwonsa kuma yana nan tun da farko.

Ranar ta'aziyya aminina ya zo cikin jama'a, ya zauna can ƙarshen tabarma. Da aka shafa fatiha ya matso ya ba ni hannu, idonsa ya yi ja. Ya ce Allah ya jiƙan Baba, ya riƙe shi kamar ɗan da ya haifa. Na ce amin. Na ɗan riƙe hannunsa ina jira ko akwai saura, sai ya zare ya ba na kusa da ni.

Yanzu rumfarsa ta zama biyu, ya je Makka ya dawo. Muna haɗuwa a ɗaurin aure da jana'iza, mu gaisa, ya tambayi iyali in tambayi kasuwa. 'Ya'yana har yanzu Baffa suke ce masa. Manyan sun san abin da ya faru. Ƙaramar ba ta sani ba, kuma ban hana ta gaishe shi ba in sun haɗu a hanya.