Kwana Ukun da Tiyon Kawu Mati Ya Daina Numfashi

Duk wanda ya san Kawu Mati a ƙauyenmu ya san shi da kunne. Ba ya wuce abin da ke riƙe ruwa bai kara mashi kunne ba, ko randa ce, ko tulu, ko salkar Buzaye, har cikin jaki in ya dawo daga rijiya. Sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ku yi shiru, yana magana." Ran sunan ɗana na fari, ana gama shafa addu'a, ya sunkuya kan butar liman ya ce, "Malam, wannan tana yoyo ta gindi." Aka ɗaga, tana yi kuwa.

Ƙanen mahaifiyata ne. Ya yi shekaru a Kwatano yana dafa wa wani Nasara abinci. Da Nasaran zai koma ƙasarsu, ya ce Kawu ya zaɓi abin da yake so a gidan. Ga rediyo, ga keken ɗinki, ga gado na ƙarfe. Kawu ya tsallake su duka ya ɗauki akwatin gilashi na kifin teku, da duwatsun cikinshi masu rassa, da buhu biyu na gishirin da ake haɗa ruwan. Kifi bakwai ya taso da su a bido, wato jarkar ruwa, bisa cinyarshi, cikin kaminyo, babbar motar kaya. Biyu suka iso nan Cadawa da rai, ɗaya ruwan goro da ratsin fari, ɗaya shuɗi kamar an tsamo shi daga marina.

A hanya wani jandarma ya leƙa bidon ya ce, "Tsoho, ina takardun waɗannan?"

Kawu ya ce, "Mushe, tambaye su da kanka. Gidan Nasara suka tashi, sun fi ni Faransanci."

Garinmu ba wutar lantarki, don haka Kawu da kanshi ya zama injin juya ruwan. Ya kafa tano, wato gangar ruwa, bisa gwafanni huɗu a ɗakin ƙasa mai sanyi. Ruwa na tsiyayowa daga tanon zuwa akwati. A kusurwar akwatin akwai tiyo a tsaye, wanda ke kwashe rarar ruwan ya gangara da shi cikin wata randa mai yashi a ƙasa. Bayan kowace salla Kawu zai kwashe na randar da ƙwarya ya mayar sama. Shi ya sa ko Agiye ya je cin kasuwa, azahar a gida take samun shi. In abokai suka tsare shi da hira sai ya ce, "Ku sake ni, ina da baƙi."

Sai farin nan ya zo, na biyun, wanda ya kwashe shanun Fulani. Rijiya ta yi nisa, sai an ƙara igiya bisa igiya, guga ya fito rabi da laka. Amma mutane suka riƙa zuwa ɗakin Kawu. Mata in sun gaji da layin rijiya su leƙo, su tsaya su yi shiru. Wani Bafulatani da ya rage da saniya ɗaya tal ya zauna gaban gilashin tun hantsi, can ya ce, "Baba, ci ake yi?"

"A'a, kallo ake yi."

"Tatsa fa?"

"Ba a tatsa."

Ya girgiza kai ya ce, "To waɗannan sun dace da ubangida."

Ni a shekarar nan sana'ata ta koma gyaran abin ruwa. Ina da mata da ɗiya biyu, gona ba ta ba da komai ba, sai na kama ɗinkin guga da ƙwarya da liƙe tulu. Kowa ya san yadda muka zama a lokacin: in mutum ya ga huda a jikin abin ruwa, hannunshi na kaiwa kafin hankalinshi. Wata rana na shiga gaida Kawu, na tarar ya tafi masallaci. Ina kallon kifi sai na hango wata 'yar huda a murfin tiyon nan na tsaye, gishiri ya yi fari a bakinta, da ɗan damshi. Na ce a raina, tsufa ya fara kama Kawu. Na ciro ƙaro daga aljihu, na jiƙa da yawu, na liƙe ta tsaf. Na tafi ban faɗa wa kowa ba, ina jiran ranar da zai gani ya sa mani albarka.

Washegari aka aiko in zo. Tiyo ya haukace. Ruwa zai taru a akwatin ya yi ta hawa har ya zubo ƙasa ta baki, sannan tiyon ya zuƙe shi gaba ɗaya da wani irin gurnani kamar raƙumi ana ɗora mashi kaya. Ya yi shiru, ya sake. Ko kusa ban kawo aikina a rai ba. Ni da na toshe yoyo, ina ruwana da ambaliya?

Matarshi, Inna Delu, ta tsaya a bakin ƙofa tana duban ƙasar da ta jiƙe. Ta ce, "Malam, kwana uku na ba ka. In ruwan nan ya ƙara taɓa ƙasa bayan Juma'a, baƙinka miya za su shiga."

Kawu ya ce, "Delu, baƙo ake sawa a miya?"

"A shekarar nan har mai gida ana iya sawa."

Muka tsayar da ruwan muka hau aiki. Ranar farko Kawu ya kwance tiyon ƙasa, ya zura mashi sanda da tsumma, wai ko dodon koɗi ya maƙale. Ba komai. Ya ce lanƙwasar ta yi yawa, muka ɗaga randa bisa turmi. Aka saki ruwa, ya zubo. Rana ta biyu ya ce bakin tiyon ya nutse da yawa cikin randar, ya yanke kamu ɗaya. Ya zubo. Ya zargi ƙadangare. Ya zargi dakan Inna, wai girgizar taɓarya ce ke firgita ruwan, ta ce to ya kawo hatsin da ake dakawa tukuna.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ya kore mu gefe, ya bi tiyon da kunne tun daga ƙasa har sama. Da ya kai murfin ya daɗe. Sannan ya ce, "Da can yana 'yar shessheƙa a nan. Yanzu ba ya numfashi." Ya sa farce ya ɓamɓaro ƙarona, ya shinshina, ya juyo a hankali.

"Haru, wa ke liƙi irin wannan a garin nan?"

Na ce, "Kawu, huda na gani."

Bai yi faɗa ba. Ya ɗebo ruwa a moɗa daga tulun sha, ya miƙo mani, ya sa yatsu biyu ya matse mani hanci ya ce, "Sha, kada ka tsaya." Ban kai kurɓa huɗu ba na shaƙe, na hau tari.

Ya ce, "To haka ka yi mashi kwana uku."

Sai dai ɓamɓarar ta faɗaɗa hudar, iska ta yi yawa, tiyon ya koma ƙugi kamar ciki mai yunwa. Kawu ya aike ni neman gashin tsuntsu, ya riƙa yanke ƙarar gashin yana cusawa a hudar don iska ta shiga daidai. Na kaza ya yi ƙanƙanta. Na ungulu, da muke da su birjik a shekarar, ya yi faɗi. Na zabo yana shiga, ɗakin ya yi tsit, ruwa ya tsaya a layinshi.

Inna Delu ta zo da kujerarta da kasko, ta zauna tana gadi har la'asar. Ko ɗigo bai sauka ba. Ta tashi ta kakkaɓe zane ta ce, "Dama su biyun ba su isa ɗanɗanon gishiri ba."

Kifin nan sun ga ƙarshen farin, har suka ƙara damina biyu. Sai bayan rasuwar Kawu, muna zaman makoki, Inna ta gaya mani abin da ban sani ba. Duk ruwan da zafi ya shanye daga akwatin, da wanda na sa ya zube, daga rabonshi na ruwan sha yake cike shi, ya wuni da busasshen baki ya ce ba ya jin ƙishi. Ta ce, "Ba kifin na tsana ba, Haru. Leɓenshi nake kallo."

Allah ya jiƙan Kawu Mati, ya yafe mashi, ya yafe mani ƙaron nan. Allah ya shayar da shi ruwan da ba a ƙishi bayanshi. Amin.