Madam Dorcas da Kujerar Gwaggo Hamsatu

Kafin rana ta yi zafi Madam Dorcas Toma ta riga ta sauka daga keke a bakin kasuwar Wunti, da lema a hannu da tef ɗin awo a jaka, ta kama ratsa lunguna da ƙafa. Haka take yi shekara talatin da 'yan kai, har zuwa watan jiya da ta yi ritaya. Abokan aikinta maza a ofishin da ke kula da tsarin gine-ginen gari sun fi son su tsaya da mota, su sauke gilashi, su leƙa. Ita kuwa inda take zuwa mota ba ta shiga. Duk mai shayi daga Wunti zuwa Ƙofar Dumi ya san tafiyarta tun daga nesa, da ɗan ɗingishin da ta samu a ƙafar hagu.

Aikinta ba irin wanda ake gode wa mutum a kansa ba ne. Ƙa'idar ofishinsu ta ce a kewaye janareto, kada hayaƙinsa ya fuskanci tagar maƙwabci. A yi wa taransifoma shinge. Tankin ruwa da eriya da farantin tauraron ɗan adam, duk abin da aka ɗora a sama, a kare shi yadda ba zai zame wa na kusa fitina ba. Ita aka ɗora wa bin wannan, kuma wa ke son a zo har ƙofar shagonsa a ce masa abin da ya kafa bai yi ba? Sai aka laƙaba mata Madam Sauke. Sunan ma zalunci ne, don da wuya ka ji ta ce a sauke abu. Abin da take cewa shi ne, "A kare shi dai, ɗan'uwana, a kare."

Azubuike mai sayar da kayan wuta a Wunti ya faɗa mini da bakinsa cewa ya daɗe yana ɓuya in ya hango lemarta. Janaretonsa na tura hayaƙi cikin shagon telan da ke bayansa, telan yana ta tari, shi kuma bai sani ba. Ba ta rufe masa shago ba. Ta ja hannunsa ta zaunar da shi a kan keken ɗinkin, ta ce a tayar da injin. Ya ce bai kai ga ƙirga yatsunsa ba idanunsa suka kawo ruwa, washegari ya nemo magini. Matan da ke soya awara a gindin wani taransifoma a unguwarmu su ma sun yi mata rashin mutunci ranar da ta matsar da su ta sa aka yi shinge. Da damina ta zo aka wayi gari tunkiya ta mutu a jikin shingen ta waje inda ruwa ya kwanta, babu wadda ta je ta ce mata sannu.

Amma ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami, gidanmu ne.

Gwaggo Hamsatu ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama a gidan mijinta marigayi a Ƙofar Dumi. Sana'arta taliyar murji. Duk wanda ya san taliyar nan ya san ba ta yiwuwa sai da tsakar gida da rana: a kwaɓa, a murza a inji, a shanya a igiya daga bango zuwa bango. Gwaggo takan wuni a nan da ɗaurin ƙirji da ɗan kallabi, tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugunno, tana murzawa tana yi mana faɗa. Tsakar gidan nan ita ce kasuwarta, ita ce falonta, a nan ake mata kitso, a nan take karatunta na safe. Tun da aka kawo ta gidan tana amarya, wani namiji baƙo bai taɓa ganin gashin kanta ba, kuma ba wanda ya tilasta mata. Ita ta ɗauki abin da girma.

Mu da muka tashi a cikin gari mun san al'ada. In za a hau soro gyara, ko za a hau bishiya, sai an aika gida-gida an ce za a hau sama. Mai hawan ma kafin ya taka tsani sai ya ɗaga murya: "A kimtsa, za a hau!" Mata su ja mayafi ko su shige ɗaki, in ya sauko a sanar. Abu ne na lokaci-lokaci, ba ya damun kowa.

Sai Ɗanlarai, ɗan maƙwabciyarmu Inna Yagana, ya buɗe gidan kallon ƙwallo a jikin katangarmu. Ya kafa dogon dandamali na ƙarfe, ya ɗora tanki, ya jera faranti har uku da eriya a kai. Duk sanda hoto ya ɗauke, kuma ba ya rabo da ɗaukewa, sai ka ga ƙato ya haye yana juya faranti, na ƙasa suna ihu, "Ya kawo! Ya tafi!" Ba aike, ba sallama. Daga can sama kuwa tsakar gidanmu a buɗe take kamar faifai.

Ranar farko da Gwaggo ta ɗaga kai ta haɗa ido da mutum, ta saki inji ta shige ɗaki a guje, mace mai shekara saba'in. Ta yi ƙoƙarin murji da hijabi, zafi ya hana ta. Ta koma shanya a ɗaki, taliya ta riƙa yin tsami tana fumfuna. Masu saye suka watse ɗaya bayan ɗaya. Na ce bari in je in sami Ɗanlarai, ta ce in na je ba da yawunta ba.

"Yagana ce ta yi mini wankan gawar mijina... a'a, ita ta zauna da ni har na fita takaba," in ji ta, tana gyara maganarta don kada ta ƙara wa kowa abin da bai yi ba. "Yaron nan da ƙyar ya samu abin yi. Ni zan zama sanadin rufe masa? Allah ya kiyaye."

Mai unguwa ya kai maganar ofis ba tare da ya ambaci sunanta ba. Maza biyu suka zo, suka tsaya a titi, suka auna nisan dandamalin da hanya, suka ce bai shiga haƙƙin kowa ba. Ban ce sun ci amana ba. Iyakarsu zaure, kuma daga titi babu abin da ake gani sai ƙarfe da faranti. Gwaggo ta shekara biyu a ɗaki. Ƙafafunta suka kumbura don rashin motsi, injin taliyar ta ba wata 'yar ƙanwarta.

Madam Dorcas ba takanas ta zo mana ba. Wucewa take yi, ta ga dandamalin, ta tsaya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yi sallama a zaurenmu. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofar ɗaki, ta durƙusa.

"Mama, ina wuni? Ni ma'aikaciya ce, amma ba faɗa na kawo ba. A ina kike zama in kina aiki?"

Gwaggo ta nuna mata kujerar da aka jingine a gindin randa. Madam Dorcas ta ɗauko ta, ta kai ta daidai inda ƙafafun kujerar suka yi rami a ƙasa, ta zauna, ta ɗaga kai. Ba ta ciro tef ba. Can sai ta ce, "Kai! Mama, tun yaushe?"

Gwaggo ta ce, "Ba komai, 'yar nan. Maƙwabtaka ce."

"Da komai, Mama. Gidanki aka ƙwace, kina ciki."

Ke ce, Dorcas 'yar Zungur, kika gane abin da tef bai nuna wa kowa ba, cewa wannan ƙa'ida daga ƙasa ake duba ta, daga inda mace ke zaune. Ke ba musulma ba ce, ba a gidan da ake cewa a kimtsa kika tashi ba. Amma kin shiga gidajenmu kin zauna a kujerunmu har kika san kunyarmu fiye da wasu 'ya'yanmu.

Ɗanlarai ya yi mata tsaye. Ya ce an riga an zo an auna, ya ce Madam Sauke ta saka masa ido, samarin gidan kallo suka riƙa yi mata ihu in ta doso lungun. Tana da ikon sa a rufe wurin, kuma ni a lokacin abin da nake so ke nan, don raina ya gama ɓaci. Ta ƙi. Ta ce in ta rufe, Mama za ta samu tsakar gida ta rasa Inna Yagana, kuma Mama ba za ta yafe mata ba. Ta yi ta zarya har rani ya wuce, bazara ta shigo.

Daga ƙarshe ta roƙi Gwaggo izini ɗaya: a bar Ɗanlarai ya shigo. Gwaggo ta ce ai ɗanta ne, a gidan nan ya yi rarrafe. Ta shige ɗaki ta saki labule. Madam Dorcas ta zo da shi da la'asar ana tsakiyar wasa, ta nuna masa kujerar.

"Zauna, Malam Ɗanlarai."

"Madam, ni fa ina da aiki."

"Na sani. Zauna dai, ka kalli sama."

Ya zauna yana ƙunƙuni, gwiwoyinsa har haɓa. Ba a jima ba hoto ya ɗauke, wani ya haye dandamali, ya riƙe faranti, ya waiwayo ya ga maigidansa a ƙasa, har da ɗaga masa hannu. Ina tsaye a bakin madafi na ga fuskar Ɗanlarai ta canja. Ya dubi igiyoyin shanya da suka yi baƙi ba komai a kansu, ya dubi labulen.

"Gwaggo," ya ce, "ashe shi ya sa kika daina taliya? Aka ce mini ciwon ƙafa ne."

Daga bayan labule ta ce, "Ciwon ƙafar ma akwai, Ɗanlarai. Ka gaida Yagana."

A makon nan ya kewaye dandamalin da kwano ta gefenmu, ya mai da tsanin ɗaya ɓangaren. Aikin wuni biyu ne kacal, abin da ke ƙona mini rai ke nan har gobe. Da aka gama Madam Dorcas ta dawo, ta sake zama a kujerar, ta duba, ta matsa gindin randa ta duba, ta je ƙofar banɗaki ta duba. Sannan ta ɗaga labule.

"Mama, fito. Babu mai ganinki sai Allah."

Muka riƙo ta ta fito. Ta zauna, ta daɗe tana kallon kwanon, sannan ta sa hannu ta zare kallabinta. Gashin ya yi fari fat, ya cukurkuɗe, don ta daɗe ba ta yarda an yi mata kitson kirki a duhun ɗaki ba. Ta ce a kawo mataji. Madam Dorcas ta ajiye jakarta ta ce ita za ta yi. Ma'aikaciyar gwamnati, da katin aiki a wuya, tana tsaye tana yi wa Gwaggo kitson shuku a rana, Gwaggo na yi mata faɗa wai hannunta da zafi.

Gwaggo ba ta ƙara murza taliya ba, hannun da ƙafar duk sun riga sun tafi. Damina ɗaya ta ci a tsakar gidanta, Allah ya karɓi abarsa kafin a girbe gero. Cikin wasiyyarta ta ce a ba 'yar nan Dorcas kujerar. Daga ranar har ta yi ritaya, Madam Dorcas tana yawo da ita a buhu, duk gidan da ta shiga a kanta take zama.

Na je na gaishe ta a gidanta da ke Yelwa bayan ritayar. Ba a yi mata wani taro ba, kuma mu da ta yi wa aiki ba mu haɗa mata ko kwanon abinci ba. Na ce mata mun gode. Ta girgiza kai ta ce, "Na makara a gidan Mama. Sau nawa na bi ta bakin lungun nan ban shiga ba?" Na ce ke kaɗai ce mace a cikinsu, garin kuma da faɗi. Ta ce ta sani, amma sanin bai hana ta tunawa ba.

Madam Dorcas, mun gode, ko da godiyar ta zo a makare. Allah ya ba ki lafiyar ƙafar nan da kika ƙarar a lungunanmu, ya sa 'ya'yanki su ga sakayya. Masu kafa tanki da faranti da ƙarfen sabis, don Allah kafin ku kafa ku nemi izini ku shiga gidan da ke baya, ku tsuguna, ku ɗaga kai. Iyaye kuma ku bar 'ya'yanku mata su karanci wannan aiki, don akwai ƙofar da namiji ba zai taɓa wucewa ba, komai gaskiyarsa.

Bana an tayar da bene a bayan gidanmu, an ɗora tanki da tsani a kai. Mun kai ƙara bayan ritayar Madam Dorcas, maza biyu sun zo, sun auna daga titi, sun ce lafiya lau. 'Yata Aishatu yanzu da hijabi take wanke-wanke. Da zan baro Yelwa Madam Dorcas ta nuna mini kujerar Gwaggo a gindin gadonta, ta ce, "In kin ji an ɗauki mace a ofis, ki turo mini ita ta zo ta karɓa." Har yau ban samu wadda zan tura ba.