Ranar da Gaisuwa Ta Kayar da Jirgin Maigidana

Maigidana malamin kimiyya ne a wata lakwal kusa da Malbaza, kuma tun da aka ɗaura mana aure mahaifina bai taɓa ɗaukarsa mutum mai sana'a ba. A wurin Baba, wanda bai noma gero ba, bai kiwata ko akuya ba, zaman banza yake yi da alli a hannu. Abin yana cin maigidan ƙwarai, ni ma yana ci na.

Shi ya sa ya ƙera jirgin sama marar inji da gora da buhunan leda, don Baba ya gani da idonsa. Ya cika mini kunne da bayani: in aka ja jirgin da igiya yana fuskantar iska, iskar da ke bin fukafukan ita ke ɗaga shi, amma sai mai ja ya riƙe gudu. Da gudu ya ragu, iska ta saki, sai ƙasa. Na ce na ji, amma in ya hau da kansa gidanmu zan koma. Buhun albasa aka ɗaure a mazauninsa.

Muka fita fako da hantsi. Ƙanen maigidan, ɗan kabu-kabu, shi ne zai ja da moto, wato babur ɗinsa, an kuma karanta masa dokar har ya gaji: kada ya tsaya ko mene ne ya gani.

Moto ya zabura, igiya ta miƙe, jirgi ya ja ciki, sai ga shi ya ɗaga hanci ya wuce tsayin iccen bedi. Wallahi na yi guɗa ban sani ba.

Daidai nan Baba ya ɓullo ta gefen fakon da sandarsa. Wane ɗan mutunci ne zai wuce surukin wansa a guje? Yaro ya taka birki, ya sauka, ya tuɓe takalma, ya durƙusa. Baba ya sunkuyar da kai yana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Igiya ta kwanta. Jirgi ya yi jim a sama, ya dunguro a bayansu, albasa ta watse.

Maigidana ya iso yana haki, idonsa jawur.

"Baba, kun gane shi sama? Ya tashi hwa!"

Baba ya dubi tarkacen gora, ya dubi albasa, sannan ya dafa kan mai moto.

"Ni ban ga komi ba. Amma wanga ƙane naka, ya san darajar manya."