Ranar da Anka Hana Ni Shiga Kabarin Tsohonmu

Izu talatin na yi, anka cire ni daga makaranta. Ba don kaina ba ya ja ba. Bayan tsohonmu ne ya ƙage, ba ya iya sunkuyawa bakin karofi, sai anka ce ƙarami ya kama rini, babba ya wuce Sakkwato neman ilimi. Wana ya yi shekara tara can, ya komo Illela da rawani da buzu. Ni kuwa hannuwana sunka rine har gwiwa. Kowa ya san hannun marini: ko da toka ka dirje shi, shunin ya zama fata.

Da ciwon ajali ya kwantar da tsoho, damina biyu, da hannun nan na riƙa juya shi, ina ba shi kunu, ina kwashe abin da ba a faɗi. Malam, wato wan nawa, yakan leƙo bayan la'asar, ya tsaya bakin ƙofa, ya yi tofi daga nesa, ya koma zaure wurin baƙinsa na Amarawa.

Tsoho ya cika da hantsi ranar kasuwa. Anka yi wanka, anka sa likkafani, munka sallace shi, munka kai maƙabarta. Ni na riƙe makara ta wajen kai tun daga gida, ban ba kowa ba. A wurinmu 'ya'yan mamaci ke sauka su karɓi gawa su kwantar da ita. Na naɗe wando zan sauka, sai na ji an riƙe mini kafaɗa.

Wana ne. Ya ce, ƙasa-ƙasa amma yadda na kusa za su ji, "Dakata. Bari liman ya sauka da ni."

Na ce, "Don mi?"

"Dubi hannunka. Farin likkafani ne. Kana so ya gamu da Ubangijinai da dabbare-dabbare?"

Turkuɗi, ƙyallen nan da anka buga da shuni, shi ke zuba a jikin Buzaye, ba hannun marini ba, kuma wanga mutum a gidan rini anka haife shi. Ya sani. Dattawan da ke tsaye sun sani, rabinsu rigunan da na rina ke wuyansu. Babu wanda ya tsawata masa. Wani ma cewa ya yi, "Yi haƙuri, malam ya hi ka sani." Anka miƙa mini tulu in kwaɓa ƙasar da za a liƙe itace da ita. Ina kwaɓawa ina ganin ƙeyar liman, wanda bai taɓa jin nauyin tsohon ba, shina kwantar da shi.

Ran uku muna zaman makoki, zaure ya cika, wana shina zaune cikin farar rigarsa ta saƙi shina karɓar gaisuwa. Na tashi na tsoma hannu cikin ƙwaryar ruwa, na je gabansa na kama hannun rigar, na murza, na sake murzawa har ya yi baya.

Na ɗaga ƙyallen sama. "Jama'a, ku duba. Malam, kai ma duba. Ina shunin?"

Fari fat, sai lemar ruwa.

Ya fizge rigarsa ya ce, "Ba ka da ladabi."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Kuma shi garin ya riƙe. Har yau in anka tuna mutuwar tsohonmu, ba a cewa an hana ɗa sauka kabarin ubansa. Cewa ake yi marinin nan ya ci mutuncin malami a zaman makoki. Kawunmu na Garu ya tako har karofi wai in je in ba da haƙuri. Na ce masa in an tone kabarin an ba ni tsohona na kwantar da shi, zan je. Ban je ba.