Injin Keita ya yi shiru

Shekarun da na yi aiki da wata ƙungiyar manoma, inji uku nake kiwo: ɗaya a Madawa inda nake zaune, ɗaya a Buza, ɗaya a Keita. Duk abin da ma'aikata sunka ajiye, hoton gona ne ko taswirar fako da anka gyara, sai injinan su raba shi tsakaninsu, kowane ya riƙe kwafi. Manhajar da ke wannan aiki a cikin kwantena nake tada ta, wato wani ɗan akwati na cikin ordinata (kwamfuta) da ke killace ta da duk kayanta. In ta lalace, a jefar da akwatin a tada sabo. A takarda abin da sauƙi.

Sai dai na tsara su ne yadda in biyu sunka yi shiru, na ukun ba ya karɓar sabuwar ajiya. Wata damina rezo, wato layin intanet, ya yanke a Buza, Keita kuma ta yi shiru ba dalili. Matar da ke kula da masu noman albasa ta tsaya bisa kaina da hotunanta.

"Malam, ga injin nan gabanka yana aiki. Mi ya hana shi amsa?"

Na fara bayani, na ga ba ta bi, ni ma na gaji da jin muryata. Na hau moto na nufi Keita.

Kusa da Garhanga na iske korama ta cika. Munka zauna a baki, ni da masu kaya da wata tsohuwa mai akuya, muna kallon ruwa ja yana wucewa. Da ya janye munka tura babura cikin laka, takalmina ɗaya ya tsinke.

Na isa buronmu na Keita, wato ofishin ƙungiyar, bayan la'asar. Injin lafiya lau, wayar wutarsa ce kawai a zare. A wurinta an jona firigo na sanyaya kaya. Mai gadi, dattijo ne da ya girme ni nesa, bai ɓoye ba.

"Ni na cire ta, ɗana. Hadari ya rufe rana, batir na hasken rana ya yi ƙasa, ga allurar dabbobi cikin firigo. Likita ya ce in ta yi zafi ta tashi aiki. Wanga kuwa ban ga abin da yake yi ba, sai ƙugi."

Na zo da faɗa a bakina tun daga hanya, na rasa inda zan sa shi. Na ce, "Baba, ka yi daidai."

Munka jira gari ya washe washegari, batir ya ɗan cika. Na tada kwantenar, na zauna bisa benci ina kallon rubutu na gangarowa a allo, injin yana karɓar abin da ya wuce shi, a hankali ƙwarai. Dattijon ya kawo mini fura, na sha rabi, barci ya ɗauke ni a zaune.

A hanyar komawa na ratsa ta Deule wurin yayata. Ta dube ni ta ce na rame, ta tambaya ko ana ba ni hutu. Kafin in amsa wayata ta yi ƙara: daga Buza ne, rezo ya dawo, amma injin ya ƙi tashi. Ta shimfiɗa mini tabarma a inuwa duk da haka. Na kashe wayar, na kwanta har azahar.