Yaya Ilu da Jirgin da Ya Dawo da Ni Gida

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Iliyasu, wanda a ƙauyenmu da ke gefen Tsanyawa aka fi sani da Ilu. Duk wanda ya zauna tuna mamaci ana sa ran ya yi hawaye, amma ni idan na tuna Yaya, zumuɗi nake ji, irin wanda na ji ranar da na fara ganin jirginsa. Jirginsa muke cewa a gida, alhali ko babur bai taɓa tuƙawa ba. Lebura ne, mai ɗaukar buhu.

A shekarun babban fari ina gidan aure can arewa, bayan an tsallake iyaka. Damina ta zo babu ruwa, ta bayanta ma haka, shanu suka riƙa faɗuwa. Maigidana ya kora waɗanda ke iya tafiya ya nufi kudu neman ciyawa, ya bar ni da surukata da jaririya a goye. Da rijiyarmu ta ƙafe, muka bi jama'a zuwa wani babban gari a bakin hamada inda aka ce ana rabon hatsi. Muka zauna a fili, ƙarƙashin rumfunan tabarma, nonona yana ta ƙafewa.

A gida ma gero ya ƙone tun yana iya gwiwa, rumbuna suka zama wayam. Yaya ya tafi Kano neman abin kai wa baki, ya sami aikin lodi a filin jirgi, inda jiragen soja ke kwasar dawa zuwa inda yunwa ta fi tsanani. Wata rana aka nemi leburorin da za su bi jirgi su sauke kaya, aka kuma ambaci garin da ya fi kusa da inda aka kai ni aure. Mutumin da bai taɓa hawa abin da ya fi akori-kura ba ya ɗaga hannu.

Da hantsi muka ji rugugi. Na ɗauka hadari ne, har wasu tsofaffi suka fara kabbara. Sai ga abu ya sauko, ƙato, mai kauri, farfela huɗu suna juyawa, ya dira a kan tsurar ƙasa babu kwalta. Bayansa ya buɗe, ƙofar ta sauko har ƙasa kamar gada, mutane suka riƙa fitowa daga cikinsa da buhuna a ka. Yunwa da duk abin da nake ciki ba su hana ni sakin baki ba.

Can bayan an gama sauke kaya na ji wani yana bin rumfuna yana kira, "Talatun Inna, 'yar Tsanyawa." Babu mai kirana haka sai mutum ɗaya. Surukata ce ta riga ni amsa masa. Ya tsuguna, ya dube ni, ya ɗaga zanen goyo ya dubi yarinyar.

"Tashi mu tafi gida," in ji shi.

"Yaya, a ƙasa? Ba zan kai ba."

"Wa ya ce miki a ƙasa?"

Surukata ta ce in tafi, ita za ta jira ɗanta ta gaya masa inda nake. Yaya ya je wurin sajen da ke kula da kaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya. In na bar ta nan, yarinyar ba za ta yi rai ba." Sajen ya je ya yi magana da matuƙi, ya dawo ya ce ai jirgin fanko zai koma, mu shiga.

Cikinsa ya fi zauren mai gari faɗi. Babu kujeru sai wata raga a jikin bango, a kanta aka zaunar da ni aka ɗaure ni da ɗamara. Da injuna suka tashi, haƙorana suka riƙa haɗuwa, ina ta salati, Yaya kuwa dariya yake yi yana nuna mini 'yar taga. Da muka doshi ƙasar Kano na leƙa, na ga gonaki manne da juna, da itatuwan gawo da kuka, da 'yan hanyoyi sirara. Duk a bushe suke, amma namu ne. Muka kwana a Kano, washegari mota ta sauke mu a Tsanyawa ana cin kasuwa, labari kuwa ya riga mu isa wurin Inna.

Da ruwa ya dawo, Yaya ya koma gonarsa, amma zancen jirgi bai bar bakinsa ba. Yana noma da rediyo a rataye, in aka ce an ƙera sabon jirgin dakon kaya sai ya tsaya cak, fartanya a hannu. Da Allah Ya nufe shi da aikin hajji, ya dawo yana yabon komai ban da jirgin da ya kai su. Ya ce wannan ai motar haya ce mai fiffike, kujeru kawai, babu inda za a sa buhu.

Ina ma yana nan yau. Kwanan baya aka nuna mini a waya wani jirgin da hancinsa gaba ɗaya yake ɗagawa sama, manyan motoci suna shiga ta gaba suna fita ta baya. Na ga wanda aka cusa wa jirgi mai saukar ungulu a ciki, da wanda ke haɗiye tankar yaƙi ya tashi da ita, babu farfela, ga injuna kowanne ya kai ɗaki. Na tabbata da Yaya ya gani, sai an maimaita masa har cajin wayar ya ƙare, sannan ya tafi majalisa ya ba da labarin da hannu da ƙafa. Na kuma san zai tambaya, da jirage suka yi wannan girma, me ya sa har yanzu ake kwana da yunwa a garuruwan da ke da fili shimfiɗe inda jirgi zai iya sauka. Shi kansa jirgin da muka hau, don yaƙi aka ƙera shi, amma ranar dawa ya ɗauko, kuma wannan ne Yaya ya fi so a game da shi.

Bai bar dukiya ba, gonarsa ma an raba ta ƙanana tsakanin 'ya'yansa. Abin da ya bari yana yawo da ƙafafunsa. Yarinyar nan da na goya ta rayu, maigidana ya biyo mu bayan damina muka zauna nan. Sunanta na yanka Hauwa'u, amma daga ƙauyenmu har Bagwai inda take aure, babu mai gane wa kake nufi sai ka ce 'Yar Jirgi. Yanzu tana da jikoki, kuma duk wanda ya tambaye ta asalin sunan, sai ta ce a fara yi wa kawunta addu'a tukuna, sannan ta ba da labari.

Allah Ya jiƙan Yaya Ilu, Ya haskaka makwancinsa.